Haƙorin Yusra Sai Bayan Biki

Rahmatu tana tankaɗen garin tuwo a ƙofar kicin ta ji wani ƙwas, sannan kofin silba ya faɗi yana gangarawa a kan siminti. Da ta ɗaga kai sai ta ga 'yarta Yusra tsaye a gindin randa, ta toshe baki da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta yana ɗiga a kan farin hijabinta. Yarinyar ko kuka ba ta samu ta fara ba. A gabanta yayanta Nu'uman ne tsaye yana huci.

"Sau nawa zan ce kar wanda ya ƙara sha mini ruwa a kofi?" in ji shi. "Sau nawa?"

Abin da ya faru ke nan, babu ƙari. Yusra ta dawo daga makaranta cikin ranar bazara, maƙogwaro a bushe, ta suri kofin da ta fara gani a kan randa ta kafa kai. Nu'uman ya fito daga ɗaki ya ga kofinsa a bakinta. Bai ma tsaya yin mari ba, tafin hannu ya sa ya doki gindin kofin yadda ake buga murfin bokiti don ya zauna. Bakin kofin ya shige mata baki.

Rahmatu ta watsar da rariya ta ruga ta ɓamɓare hannun yarinyar. Leɓen sama ya tsage a lanƙwashe, daidai zagayen bakin kofi. Haƙorin gaba guda babu shi, sai rami yana ɓulɓular jini. Na kusa da shi yana nan, amma ya karkace ya koma ciki, gefensa kuma ya ɓantare. Sai a lokacin kukan ya zo, irin wanda yake tayar da maƙwabta daga barcin rana.

Haƙorin da ya fita yana kwance a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Rahmatu ta ɗauke shi. Fari ne tas, bai karye ba, ga saiwarsa doguwa da ta fi abin da ake gani a baki tsawo.

Hajiya Yelwa, uwar mijinta, ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta wuce yarinyar da take zubar da jini ta nufi jikanta namiji.

"Maigidana, wa ya taɓa mini kai?"

"Hajiya, yaran gidan nan ba sa jin magana ne. Kuma ni ban dake ta ba, kofin na taɓa."

Nu'uman ɗan Rahmatu ne, ita ta haife shi. Amma ɗan fari ne, tun daga yaye yake ɗakin Hajiya. Rahmatu ba ta taɓa faɗar sunansa ba, ba ta taɓa yi masa faɗa a gaban mutane ba, in ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "yaron wajen Hajiya", shi kuma Anti yake ce mata. Ana kiran wannan kunya, kuma dangi kaf suna yaba mata a kai. Yanzu ga shi gemu ya cika masa fuska, an sa masa ranar aure, ita kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da shi. Don haka sai ta miƙa wa Hajiya haƙorin kawai.

Tsohuwa ta juya shi a tafin hannu ta taɓe baki. "Famfara ce. Dama lokacinsa ya yi, kofi ya taimaka masa."

"Hajiya," in ji Rahmatu ƙasa-ƙasa, "ai ta yi famfarar na gaba tun bara waccan. Wannan na girma ne. Dubi saiwar."

"Ke za ki koya mini haƙorin yaro? Ni da na raini mijinki?"

Kafin Rahmatu ta sake buɗe baki Hajiya ta wulwula hannu ta cilla haƙorin kan rufin kwano, kamar yadda ake yi wa na famfara. Aka ji ƙararsa ya gangara kaɗan ya tsaya. Ta juyo ga Yusra ta ce, "Ke kuma rufe mana baki. In kika bari ƙadangare ya ga giɓin nan, wani ba zai fito ba, ke kika sani."

Da magariba Malam Haladu ya dawo daga wajen aiki. Mutum ne mai sanyin hali, ma'aikacin gwamnati, wanda ake kira sasanta rigima a unguwa. Da ya haska bakin 'yarsa da fitilar waya sai ya yi salati, ya mayar da hular da ya cire, ya ce Rahmatu ta ɗauko mayafi su tafi asibiti yanzu-yanzu. Har ya zura takalmi ƙafa guda uwarsa ta yi gyaran murya daga kan tabarma.

"Wane asibitin? Wanda Bilkisu take aiki?"

Bilkisu nas ce a asibitin garin, kuma yayar Radiyya ce, yarinyar da Nu'uman zai aura bayan 'yan makonni.

"Ka kai ta," in ji Hajiya. "Su tambaye ka me ya same ta. Kafin gari ya waye duk Wudil an ji ɗanka mai fasa baki ne. Wa zai ba shi 'ya? Ka bari a gama biki. Haƙori ne fa, ba ido ba."

Malam Haladu ya daɗe a tsaye da takalmi ƙafa guda, sannan ya zare shi. Ya ce to a gasa mata da ruwan ɗumi, in an tambaya a ce a bakin rijiya ta faɗi. Ya kira Nu'uman ya ce masa, "Kai ma ka riƙa sassauta hannu." Iyakar hukuncin ke nan, aka kawo tuwo aka ci.

Washegari leɓen ya haye ya zama biyu. Yusra ba ta iya haɗa baki, don da ta gwada sai karkataccen haƙorin ya daki na ƙasa, ta zabura. Rahmatu ta riƙa dama mata koko tana ɗura mata da cokali ta gefen kumatu. Hajiya ta daka kanumfari ta cusa a ramin, ta ce a riƙa kuskure baki da ruwan kanwa. Aka aika kemis da bayanin yarinya ta faɗi, aka kawo ƙwayoyi ja da fari a ƙulle cikin leda. Kowace safiya kuma tsohuwa takan kira ta, ta sa ɗan yatsa ta girgiza haƙorin da ya rage, wai tana taya shi ya faɗi don sabo ya samu hanya. Yusra takan runtse ido ta ƙanƙame gefen zaninta har a gama.

Da kumburin leɓen ya ɗan saɓe aka ce ta koma makaranta. Yusra yarinya ce mai surutu, shekararta tara, wadda in ta fara ba da labarin abin da ya faru a aji sai an ce mata ta numfasa. Ranar farko ta dawo ta ce yara suna ce mata Yusra wawulo. Rana ta biyu ba ta ce komai ba. Ta koyi jan hijabi ta rufe baki har hanci, a aji, a hanya, har a tsakar gida. In ta ga ƙadangare a jikin katanga sai ta juya masa baya da sauri.

Rahmatu ce kaɗai take ganin bakin, da safe in tana wanke mata shi da ruwan gishiri. Ta ga haƙorin ya fara yin ja-ja, daga baya ya dushe, ya koma launin toka. Ta ga wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi a samansa. A cikin leɓen kuma, inda ciwon ya haɗe, akwai wani ƙullutu mai tauri da yarinyar ba ta yarda a taɓa. Sai wari ya biyo baya.

"Malam," ta ce wa mijinta wata safiya yana karyawa, "haƙorin nan baƙi yake yi."

"Na gani. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan."

"To ka bar ni in je Kausani in gaida Inna, in tafi da ita."

Ya ajiye kofin shayi ya dube ta. Ya san hanyar tasha ta gaban asibiti take bi. "Rahmatu, so kike ki ɓata wa ɗanki aure? Ɗanki ne fa, ko kin manta? Ni ma 'yata ce, ina jin zafin abin. Amma a komai ana duba babbar ɓarna da ƙarama."

Haka yake magana, a hankali, da hujja, har mutum ya ji kamar shi ne mara tunani. Ta kwashe kwanuka ta fita.

Sau ɗaya ta yi ta maza. Ranar wata Juma'a ce, maza duk sun tafi kasuwa, Yusra ta kwana da zazzaɓi. Rahmatu ta yafa mayafi ta kamo hannunta suka nufi zaure. A bakin ƙofa suka tarar da Hajiya zaune tana tsinkar zogale, kamar wadda aka yi wa wahayi.

"Ina zuwa?"

"Hajiya, jikinta ya yi zafi."

"Mijinki ya ba ki izini?"

Rahmatu ta ƙara riƙe hannun Yusra.

"To in kin sa ƙafa waje, ki zarce Kausani gaba ɗaya, kayanki sa biyo ki. Matan zamani ba ku da ta ido. A kanki aka fara haihuwa? Kin tsaya kina rawar jiki a kan 'ya a gaban uwar miji, ko kunya babu."

Rahmatu ta tsaya tana kallon hasken titi ta ƙofar zaure. Ta tuna ƙannen Yusra biyu da suke ɗaki, ta tuna gidan ubanta da babu wanda zai ce ta yi daidai. Tsoro ya fi ƙarfinta, kuma ta san ya fi ƙarfinta, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta juya da yarinyar suka koma ciki.

Shi kuwa ango harkar gabansa yake yi. Yana zirga-zirga wajen tela da mai fenti, ana gyara masa sashen da aka yanka masa a cikin gidan. Labarinsa ma ya riƙa sauyawa da kansa. Da farko kofin ya taɓa. Daga baya ita ce ta cije kofin da haƙori. Da biki ya matso, in abokansa sun tambayi me ya sami ƙanwarsa, sai ya girgiza kai ya ce, "Rawar kai. A bakin rijiya ta faɗi." Yana faɗa ko ƙiftawa ba ya yi.

Satin biki fuskar Yusra ta tashi. Kumburin ya taso daga leɓe ya cike gefen hanci ya tura har ƙarƙashin ido, fatar ta yi sheƙi. Ankonta yana rataye a ƙusa, ɗinkin da ta yi ta tambayar yaushe za a kawo. Hajiya ta dube ta ta ce wannan fuskar ba ta shiga mutane ba ce. Aka share ɗakin ajiya da yake bayan kicin, aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin buhunan masara da tsofaffin tukwane, aka ce ta yi zamanta a nan ta huta da hayaniya.

Ranar jere dangin amarya suka cika gidan da guɗa da kaya. Bilkisu ce a gaba, doguwa mai fara'a, ta durƙusa ta gaida Hajiya.

"Ina wuni, Hajiya? Ya gida, ya hidima? Ya ƙafar taki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya mutan gidan? Ya aiki? Ya fama da jama'a?"

"Alhamdu lillahi. Wai ina ƙawata Yusra? Ban ji muryarta ba, na zo mata da ɗan kunne."

"Tana Kausani wajen kakarta," in ji Hajiya. "Kin san yara da son ƙauye."

Tsakanin inda suke da ƙofar ɗakin ajiya bai fi a miƙa hannu ba. Rahmatu tana tsaye da farantin cincin, ta ji motsin buhu daga ciki, sannan shiru.

Can anjima Bilkisu ta leƙo kicin neman ruwan wanke hannu, ta tarar da Rahmatu ita kaɗai. Ta dube ta da idon masu aikin asibiti ta ce, "Umma, lafiya kuwa? Idonki ya yi ja."

Ga nas a gabanta, ga yarinya bayan bango. Kalma uku ta isa. Rahmatu ta buɗe baki, sai ta jiyo guɗa daga sashen ango, da muryar Hajiya tana sa albarka.

"Hayaƙi ne," ta ce, ta miƙa mata buta.

Aka ɗaura aure, aka yi wuni, aka kawo amarya. Kowa ya yaba, an ce an daɗe ba a ga biki mai tsari irin na gidan Malam Haladu ba. Yusra ta ji shi duka ta jikin bango. Rahmatu takan saci jiki ta shiga da kunu, ta tarar da ita kwance ta jingina kuncin da ya kumbura da sanyin tukunya. Ba ta taɓa tambayar me ya sa aka ɓoye ta ba. Abin da ta tambaya ɗaya ne, ko an ajiye mata alkaki ta ci in ta warke.

Bayan baƙi sun watse ƙurjin ya fashe, mugunya ta cika mata baki, idon hagu ya rufe ruf, jikinta kamar garwashi. Da aka fito da ita tsakar gida aka ce wa amarya daga Kausani aka dawo da ita haka. Malam Haladu ya dubi 'yarsa a hasken rana ya tsorata. Ya ce a tafi asibiti, amma na Kano, don har yanzu ba a son Bilkisu ta ji. Nu'uman ya aro motar abokinsa ya ja su. Suna hawa gada Yusra ta ɗaga kai ta kalli kogi da ido ɗaya, ta mayar da kai cinyar uwarta.

A asibitin haƙorin Nu'uman ya ce zai jira a mota. Likitar mace ce, Dakta Mas'uda, mai ƙaramar murya. Ta kwantar da Yusra a kujera ta kunna fitila, ta ce, "Ƙawata, ba abin da zan yi sai na gaya miki tukuna, kin ji?" Ta fara tambayar ko yarinyar ta suma ranar da abin ya faru, ko ta yi amai, ko an yi mata allurar tetanus. Ta shafa ƙashin fuska da muƙamuƙi, ta ce ta buɗe baki ta rufe. Ta ɗaga leɓen a hankali ta taɓa ƙullutun nan. Ta ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin madubi, da ta zo kan baƙin Yusra ta zabura. Ta ɗora auduga mai sanyi a kan na gefe, yarinyar ta ce ta ji. Ta ɗora a kan baƙin, ta ce ba ta ji komai ba. Sannan aka ɗauki hoto, na haƙori da na leɓe.

"Wanda ya fita, ina yake?" likita ta tambaya.

Malam Haladu ya dubi ƙasa. Rahmatu ta ce, "An jefa shi kan kwano."

Likita ta ce, "Yaushe abin ya faru?"

"An ɗan kwana biyu," in ji Malam Haladu.

"Ya fi wata," in ji Rahmatu.

Dakta Mas'uda ta juyo musu da hoton. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce haƙorin girma in ya fita da saiwarsa, a ɗauke shi ta kai, kar a taɓa saiwar, a ɗauraye a mayar da shi raminsa. In ba a iya ba a tsoma shi a madara a kawo shi cikin awa guda, sau da yawa yana kamawa. Na biyun kuwa, da an zo a ranar, ko a satin ma, da ta gyara masa zama ta ɗaure shi da siririyar waya a jikin 'yan'uwansa, ta riƙa bibiyar jijiyarsa.

"To yanzu fa, likita?" in ji Malam Haladu.

Ta nuna wani baƙin tabo a hoton. "Jijiyar ta mutu. Ruɓar ta cinye saiwar, ta fara cin ƙashi. Saiwar yara ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa take saurin cinyewa. Babu abin da zan ɗaure. Cire shi zan yi, in ba haka ba ciwon nan zai iya hawa ido. Wannan farin kuma da kuke gani a leɓe, ɓallin haƙori ne ya shige ciki nama ya rufe a kansa, shi ma sai na tsaga na fitar."

Daga kan kujera wata 'yar murya ta fito, a daƙile. "Likita, zai sake fitowa ko? Ban bari ƙadangare ya gani ba. Wallahi ban bari ba."

Likitar ta ajiye hoton ta dafa mata kafaɗa. "Na yarda ba ki bari ba. Amma ba zai fito ba, ƙawata, kuma ba laifinki ba ne. Irin wannan sau ɗaya Allah yake ba mutum. In kin warke za mu yi miki na roba mai cirewa. In kin girma, ƙashin ya gama girma, sai a duba dasa wani."

Yusra ba ta yi kuka ba. Ta dubi uwarta kawai.

"Garin yaya ta ji ciwon?" in ji likita.

"A bakin rijiya ta faɗi," Malam Haladu ya amsa da sauri.

Likita ta kama tafin hannun yarinyar ta juya, ta dubi gwiwar hannu, ta dubi haɓa da karan hanci. Sannan ta ce Malam ya taimaka ya je ɗakin magani ya karɓo abin da ta rubuta. Da ƙofa ta rufe sai ta jawo kujera kusa da Rahmatu.

"Maman Yusra, wanda ya faɗi yakan tare da hannu, yakan kurje haɓa ko hanci. Ita babu ko ɗaya. Tabon leɓen nan a zagaye yake, wani abu aka buga mata a baki. Ba don in tona asirin kowa nake tambaya ba. So nake in san ko gidan da zan mayar da ita lafiya ne. Wa ya yi mata?"

Rahmatu ta ji sunan ya taso mata har maƙogwaro, sunan da ita ta sha wahalar haihuwar mai shi amma ba ta taɓa furtawa ba. Ta hango motar ta taga, ɗan nata yana zaune ya kishingiɗa yana waya yana dariya. Ta hango amarya 'yar mutane da ko lallen hannunta bai goge ba. Ta hango zaure da Hajiya a bakinsa.

"Tsautsayi ne, likita," ta ce.

Likita ta juya ga yarinyar. "Yusra, ke fa? Me ya faru?"

Yusra ta sake duban uwarta, ta jira. Rahmatu ta sunkuyar da kai.

"Faɗuwa na yi," in ji Yusra.

Dakta Mas'uda ta daɗe tana kallonsu su biyun. Ta ce ƙofarta a buɗe take duk ranar da suka so magana. Sannan ta sa safar hannu ta ɗauko allura.

La'asar sakaliya suka iso Wudil. An tsaga leɓe an ɗinke, an matse mugunya, an cire haƙorin, an ce a dawo a ga yadda ƙashin zai yi. A tsakar gida an baza tabarma, Hajiya tana zaune, amarya ta kawo wa angonta abinci. Da Hajiya ta ji an cire na biyun sai ta ce ai dama likitocin nan ba su san komai ba sai cira, da an bar mata shi da ya faɗi da kansa. Malam Haladu ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, a gode da abin ya tsaya a haƙori. Kowa a gidan ya samu abin da zai faɗa ya wanke kansa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a ganinsa. An tsare mutuncin gida, an tsare aure, an tsare kunya. Yarinya 'yar shekara tara ce ta biya, ita da ba a taɓa tambayarta ba, kuma za ta yi ta biya a aji, a gaban madubi, a duk inda aka ba da abin dariya ta kai hannu baki.

Rahmatu ta kama ta za ta shigar da ita ɗaki ta kwanta, Hajiya ta tsayar da su.

"Ke Yusra, haka aka koya miki? Yayanki ya bar amaryarsa ya wuni a rana saboda ke, ya kai ki Kano ya dawo da ke. Zo ki yi masa godiya."

Yusra ta saki hannun uwarta. Ta taka a hankali, jiri yana ɗibarta, ta je gaban Nu'uman ta durƙusa. Audugar da take bakinta ta jiƙe ta yi ja. Ta yi ƙoƙari sau biyu kafin maganar ta fito, iska tana bi ta giɓin.

"Yaya, na gode."

Nu'uman ya haɗiye lomarsa. "Ba komai. Ki dai riƙa kallon gabanki in kina tafiya. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin," in ji amarya, da tausayi na gaskiya a muryarta.

"Amin," in ji Hajiya da Malam Haladu.

Yusra ta juyo daga durƙuson ta dubi uwarta da idon da yake buɗe. Duk gidan aka yi shiru ana jiran wadda ta rage. Rahmatu ta ce amin.